Adalci Tsakanin Tayoyi Huɗu: Abin Da Motar Gidana Ta Koya Mini

Wata ranar Alhamis da yamma, ina kan hanyar komawa gida daga makaranta, tayar gaba ta hannun dama ta faɗa wani rami da ruwan sama ya ɓoye, gefenta ya tsage. Mai faci ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce wannan ta wuce faci. Ban damu ƙwarai ba, domin a lissafina taya ɗaya zan saya magana ta ƙare. Washegari na biya ta garejin bakanikena, wani dattijo da ya fara riƙe sifana tun zamanin da Fijo 504 take sarautar titi. Ya zagaya motar, ya durƙusa gaban kowace taya, ya sa tsinken ashana ya auna zurfin zanenta, sa'an nan ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Dakta," in ji shi, "ai wannan motar taka mai mata huɗu ce. In ka yi wa ɗaya sabon ɗinki ka bar uku da tsumma, rigima za ta tashi a cikin gida, kuma a aljihunka za ta ƙare."

Na yi dariya a ranar, dariyar ba ta daɗe ba. Maganar dattijon ce ta sa na koma na karanta ɗan littafin nan da ke cikin aljihun gaban mota, wanda na yi wata da watanni ban buɗe ba, ni da nake faɗa wa ɗalibai kullum cewa su karanta kafin su yi magana. Abin da na gano a ciki, da abin da shekaru huɗu na zama da motar suka koya mini, shi nake so in baje wa mai karatu, musamman ma'aikacin da ya daɗe yana tari domin ya sayi motar iyali, ya kuma ji dillali yana yi masa kirarin haruffa uku da ke manne a bayan but: AWD.

Ma'anar haruffan

Yawancin ƙananan motocin da ke kan titunanmu a yau da tayoyin gaba suke ja, na baya biye kawai suke yi. Tsofaffin Fijo da Marsandi kuwa da na baya suke turawa. Mota mai AWD ita ce wadda injinta yake iya aika ƙarfinsa ga tayoyi huɗu gaba ɗaya. Ana yin haka ta hanyar ƙara mata wasu kaya a ƙarƙashi: akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, da farfela da ke ɗauke da shi zuwa baya, da wani akwatin a bayan da ke raba shi tsakanin hagu da dama. A wasu motocin tayoyin huɗu suna ja a kowane lokaci. A wasu kuwa na gaba ne ke aiki, sai ƙwaƙwalwar motar ta ji sun fara santsi, ta kama kulocin da ke tura wani kaso zuwa baya, duk cikin ƙiftawar ido, direba bai taɓa komai ba.

Wannan daban yake da abin da direbobi ke kira fowil a motoci irin su Hilux, inda direba da kansa yake sa ta idan ya iso yashi ko taɓo, kuma akwai ƙaramar giya mai jan hankali da ƙarfi domin hawa tudu da fita daga kwari. Ƙaramar motar iyali ba ta da wannan giya. Da yawa daga cikinmu a nan muke fara ruɗewa, kuma dillali ba ya ganin aikinsa ne ya warware mana.

Tarihin fasahar ma yana nuna dalilin da ya haife ta. A 1972 kamfanin Subaru ya fito da Leone mai jan tayoyi huɗu, bayan kamfanin wutar lantarki na yankin Tohoku, a arewa maso gabashin Japan, ya nemi motar da ma'aikatansa za su riƙa bin layukan wuta da ita a cikin dusar ƙanƙara. Injiniyoyin Audi kuma a wajen gwajin motoci cikin hunturun arewacin Turai suka lura cewa wata ƙaramar motar soja, Iltis, tana barin manyan motoci a baya a kan ƙanƙara, abin da ya kai ga fitowar quattro a bikin baje kolin motoci na Geneva a 1980. Marsandi ya biyo baya da 4Matic a cikin shekarun 1980. Toyota ta sayar da Camry mai jan tayoyi huɗu a Amurka daga 1988 zuwa 1991, ta daina, sai a 2020 ta dawo da ita, shekara ɗaya bayan Nissan ta sa wa Altima irin wannan tsari. Duk inda aka bi sawun labarin, a kan dusar ƙanƙara yake ƙarewa. An ƙera waɗannan motoci ne domin mutumin da titinsa shimfiɗaɗɗe ne sumul, amma yakan daskare wata uku ko huɗu a shekara. Mu kuwa titinmu bai taɓa daskarewa ba, ramuka gare shi.

Yadda ta iso ƙofar gidana

A ƙarshen 2021 na saye ta, da kuɗin ƙarin girma da suka daɗe a hanya, haɗe da adashi da ɗan rance daga ƙungiyar taimakon kai da kai ta ma'aikata. Kirar Japan ce, ta riga ta yi kusan shekara goma a hannun wani a Amurka kafin ta hau jirgin ruwa. Haka mafi yawan motocinmu suke zuwa. A da ta Kwatano aka fi shigo da su, shi ya sa har yau sunan ya bi su. Tun daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka mayar da hanyar halas ta koma tashoshin jiragen ruwa, musamman na Legas.

Akwai wani abu da ban yi tunaninsa ba a lokacin. Ƙaramar mota mai AWD an fi sayenta a jihohin arewacin Amurka da Kanada, inda ake zuba gishiri a kan titi domin narkar da ƙanƙara. Gishiri kuwa abokin gabar ƙarfe ne. Saboda haka motar da ta fi yiwuwa ta zo da waɗannan haruffa ita ce kuma ta fi yiwuwa ta zo da tsatsa a ƙarƙashinta: a salansa, da bututun man birki, da kusoshin da ke riƙe ƙafafu. Ni fenti na duba, da kujeru, da sanyin na'urar sanyaya ciki. Ban sa an ɗaga ta na leƙa ba. Ranar da aka zo canza shokozoba, sai da aka yini ana fama da kusoshi huɗu da tsatsa ta narke su wuri ɗaya. Kyan ɗan maciji ke nan.

Ban ga laifin kowa ba sai nawa. Kowace irin wannan mota tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba, wadda da ita ake iya bincika tarihinta ta intanet: jihar da ta zauna, ko ta yi hatsari, ko ambaliya ta taɓa cinye ta, da nisan da ta yi kafin a taɓa agogonta. Kuɗin binciken bai kai la'adar dillali ba. Na san da wannan, amma ɗoki ya hana ni.

Inda ta fid da ni kunya

Kada mai karatu ya zaci na zo ne in kushe ta. Akwai daren da ba zan manta ba. A cikin watan Agusta ne, tsakiyar damina, aka kira ni bayan sallar isha'i cewa jikin mahaifiyata ya tashi a ƙauye. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa garinmu akwai 'yar tafiya a kan burji, kuma an wuni ana ruwa. Jar ƙasar ta zama kamar an kwaɓa ta da sabulu. A wani ɗan hawa na tarar da wata ƙaramar mota ta tsaya, tayoyin gabanta suna ta juyawa wuri ɗaya suna feshin taɓo, matasa suna turi. Na bi ta gefe a hankali, na ji bayan motata ya kama ƙasa ya turo, muka haye. Kafin tsakar dare Hajiya tana kan gadon asibiti. Da muka dawo gida bayan kwana uku, ta dafa motar ta ce, "Allah Ya yi wa wannan abin hawa albarka." Duk lokacin da na ji haushin kuɗin da take ci, nakan tuna wannan dare.

Ko a cikin gari tana da ranarta. Ruwan farko na shekara, idan ya sauka a kan kwaltar da ta sha ƙura da baƙin mai tun rani, santsinsa ya fi na kowane ruwa. A irin wannan lokaci takan tashi daga tsaye ba tare da tayoyi sun yi ƙara ba, ta fita daga kwana a natse. Haka nan a lungunan sababbin unguwanni masu rairayi, inda yawancin malaman makaranta muke iya mallakar fili. Wanda duk ya ce wannan fasaha ba ta da amfani a ƙasarmu bai taɓa kwana a taɓo ba.

Inda ba ta da abin cewa

Sai dai akwai abubuwa uku da ba ta yi, waɗanda kuma su ne suka fi damun direban arewa. Na farko, ba ta ƙara wa mota tsawo. Tazarar da ke tsakanin cikin ƙaramar motar iyali da ƙasa ba ta cika wuce santimita 14 zuwa 15 ba, alhali ta Hilux ta haura 20. Idan cikin mota ya zauna a kan tudun da manyan motoci suka bari a tsakiyar burji, ko tayoyi takwas ne ke ja ba inda za ta je. Tudun rage gudu da kowace unguwa take ginawa yadda ta ga dama, shi ma bai san AWD ba. Idan na ɗauki iyali gaba ɗaya da kaya a but, sai na bi shi a karkace kamar kaguwa.

Na biyu, ba ta taimaka wa birki. Kowace mota da tayoyi huɗu take tsayawa, ko da biyu take ja. Mota mai AWD ma ta ɗan fi 'yar'uwarta nauyi, nauyi kuwa ba ya rage tazarar tsayawa. Hatsarin da ke ciki shi ne, da yake tana tashi lafiya a kan santsi, sai direba ya manta cewa titin yana da santsi, ya ƙara totur, sai ranar da akuya ko A Daidaita Sahu ya gifta ya tuna. Abin da ke tsayar da mota a kan jiƙaƙƙen titi shi ne ingancin taya da hankalin mai tuƙi.

Na uku, ba ta iyo. Duk damina sai mun ga motoci sun mutu a tsakiyar ruwan da ya taru a ƙarƙashin gada ko inda lambatu ya toshe. Inji yana shaƙar iska ta wata kafa da ke can ƙasa-ƙasa a gaba, idan ya shaƙi ruwa a maimakonta sai sandunan fistin su lanƙwashe, domin ruwa ba ya matsuwa. Daga nan sai maganar sabon inji. Akwatunan ƙarƙashin nan ma suna da 'yan kafofin shan iska, ruwa kan shiga ta nan ya gauraya da mai, ya ci su a hankali ba tare da mai mota ya sani ba.

Komawa ga maganar dattijo

Yanzu bari in bayyana abin da bakanikena yake nufi, domin a nan ne yawancin masu irin wannan mota suke yin asara. Kewayen tayar ƙaramar mota kusan mita biyu ne, wato takan juya wajen sau 500 a kowace kilomita. Sabuwar taya zurfin zanenta kusan milimita 8 ne, wadda ta cinye kuwa bai kai 2 ba. Wannan bambanci na milimita 6 yana rage kewayen tsohuwar da kusan santimita 4. A kowace kilomita ke nan tsohuwar za ta fi sabuwar juyi wajen goma. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kilomita 230 ko kusa da haka, bambancin ya haura juyi 2,000.

A motar da ke ja da gaba kawai, in bambancin yana tsakanin gaba da baya, babu wanda ya damu. A mota mai AWD kuwa tayoyin a ɗaure suke da juna ta hanyar ƙarfe da kuloci. Na'urar da ke tsakiya an yi ta ne ta haƙura da ɗan bambanci na ɗan lokaci, kamar a kwana, inda tayoyin gaba suke cin hanya fiye da na baya. Idan bambancin ya zama na dindindin, sai ta ɗauka santsi ake yi, ta yi ta kamawa tana saki, ta yi zafi, manta ya ƙone, ta lalace. Shi ya sa kamfanoni irin su Subaru suke jan kunne kada bambancin kewayen tayoyin ya wuce rubu'in inci, kusan milimita 6. A gwada wannan da al'adarmu ta sayen tayoyin gwanjo ɗai-ɗai, wannan daga Jamus, waccan daga Koriya, kowace da girmanta da shekarunta.

Tun da an zo maganar gwanjo, a jikin kowace taya akwai alƙaluma huɗu a ƙarshen lambar DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ta daɗe tana wayar da kai kan tayoyin da suka tsufa, amma har yau mai saye zane yake dubawa. Wata tayar ma ta hunturu ce, robarta mai laushi, an yi ta domin sanyin da ke daskarar da ruwa, a zo a ɗaura ta a kan kwaltar Afrilu. Ƙaramar safayar da ke zuwa da mota ita ma ta kai-ni-gida ce, an rubuta a jikinta kada a wuce gudun kilomita 80 a awa. Na ga wanda ya yi wata biyu a kanta.

A ƙarshe tayoyi huɗu na saya, na sayar da ukun ga mai faci. A wannan watan ɗinkin sallar yara sai da ya jira. Uwargida ba ta ce komai ba sai da dare, ta ce, "Malam, ashe kishiya ka kawo mana ba mu sani ba."

Sauran haƙƙoƙinta

Taya ce babba, amma ba ita kaɗai ba ce. Ana so a riƙa sauya wa tayoyin wuri lokaci-lokaci, na gaba su koma baya, domin su cinye tare, a kuma riƙa duba iskarsu da geji, ba da bugun ƙafa ba. Akwatunan ƙarƙashi kowanne da irin mansa da lokacin canza shi, kuma akasarin garejinmu baƙin mai kawai suka sani. Idan ta mutu a hanya, ba a ɗaga gabanta da janwe a bar bayanta yana gudu a ƙasa, domin hakan yana iya ƙone na'urar tsakiya cikin 'yar gajeriyar tafiya. Ɗaukarta ake yi gaba ɗaya a kan mota mai shimfiɗa, irin wadda samunta a wajen manyan birane sai an sha wuya.

Kayan gyara ma wani babi ne. Wanda ke da motar da kowa ke hawa, in ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kafin ya gama faɗin sunan abin an miƙo masa iri uku. Ni kuwa sau da yawa sai an buga waya Ladipo a Legas, a jira kwanaki, abin ya zo, a tarar na 'yar'uwarta ne mai ja da gaba kawai, a mayar. Wannan wahala ce ta haifar da wata dabara da ya kamata mai saye ya sani: idan bayan ya fara ƙugi, wasu bakanikai sukan kwance farfelar su ajiye, motar ta ci gaba da tafiya da tayoyin gaba idan tsarinta ya yarda da haka. Daga baya a sayar da ita da haruffanta uku a bayan but, sabon mai ita yana ɗauke da nauyin kayan, yana alfahari da abin da babu shi.

Sai mai. Alƙaluman da hukumar kare muhalli ta Amurka ke wallafawa sukan nuna cewa mota mai AWD tana gaza 'yar'uwarta da mil ɗaya ko biyu a kowace galan, saboda ƙarin nauyi da ƙarin ƙarafan da ake juyawa. Lokacin da na saye ta wannan bai dame ni ba, domin lita ba ta kai naira 200 ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a jawabinsa na kama mulki, cikin kwanaki kaɗan lita ta koma wajen naira 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemo wa kanta daraja, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kowace taya da kowane kusa da dala ake shigo da su. A ɗauka, a misali, ƙarin da motar ke sha rabin lita ne a kowace kilomita 100, mai ita kuma yana yin kilomita 1,500 a wata. Lita bakwai da rabi ke nan, a shekara lita 90. A da abin dariya ne, yau kuwa wani yanki ne na kuɗin makarantar yaro.

Ga malamin jami'a, duk wannan ya zo ne a bayan yajin aikin 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, aka kuma riƙe albashi. A watannin nan motar ta fi zama a ƙarƙashin bishiyar darbejiya fiye da kan titi. Na ga abokan aiki masu digiri uku sun sayar da nasu sun koma babur. Mota a gidan ma'aikaci ita ce motar makaranta, ita ce ta asibiti, ita ce ta biki da ta gaisuwar mutuwa ta dangi gaba ɗaya. Kuskure a zaɓenta ba mutum ɗaya yake shafa ba.

Abin da ya fi taya girma

Idan na zauna a garejin dattijon nan ina jiran aiki, yakan ba ni labarin 504. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, shekarar da 504 ta lashe tseren Safari a Kenya. Da tayoyin baya kawai take ja, amma ta shiga kusan kowane ƙauye a ƙasar nan, domin tana da tsawo daga ƙasa, ƙafafunta suna da laushi da juriya, kayan gyaranta suna kowace tasha, kuma kowane bakanike ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Mota ce da ta zo tare da iliminta.

Motocin yau kuwa suna zuwa ne su kaɗai, ilimin ya tsaya a can. Mota mai ƙwaƙwalwa da na'urori masu yawa tana sauka a hannun yaron da ya koyi aiki da ido da kunne, ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake karanta na'urar gwaji, littafin motar kuma da Turanci yake, in ma ya zo. Ba na zargin bakanike. Da abin da yake da shi yake riƙe da sufurin ƙasa gaba ɗaya. Mu nake zargi, mu da ke jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha. Sassan koyar da aikin injiniya suna nan a Kano da Zariya da Kaduna da Bauci da Maiduguri, garejoji kuma suna bayan katangarsu, amma tsakanin ɓangarorin biyu sai gaisuwa. Me zai hana a riƙa shirya gajerun kwasa-kwasai da Hausa, da yamma ko ranar hutu, tare da ƙungiyoyin bakanikai, kan motocin zamani? Me zai hana sassan Hausa su haɗa kai da injiniyoyi su fitar da ƙananan littattafai kan taya da mai da birki, da kalmomin da 'yan gareji suka riga suka ƙirƙira? Gidajen rediyonmu suna da sa'o'i na siyasa, rabin awa a mako kan lafiyar mota ba zai gagare su ba.

Mu masu saye kuma mu rage sayen suna. Mun iya tambayar shekarar mota da launinta da abin da maƙwabci zai ce, ba mu iya tambayar abin da za ta nema daga gare mu bayan an biya kuɗi ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, in ji Bahaushe, amma mu sai mun kai gida muke gano rariya muka saya.

Ga mai niyya

Wanda ya tambaye ni shawara, tambaya uku nake yi masa. Wace hanya kake bi kullum? In daga gida zuwa ofis ne a kan kwalta, sai tafiyar sallah sau biyu a shekara, mota mai ja da gaba da tayoyi masu kyau ta ishe ka, rarar kuɗin ka sa a birki da shokozoba. In hanyarka mai kwari da tudu ce, tsawo kake bukata kafin komai, ƙaramar mota ko wace iri ce ba za ta biya maka ba. In kuwa burji ne shimfiɗaɗɗe mai santsi da damina, ko rairayi marar zurfi, a nan ne AWD take cin kuɗinta. Tambaya ta biyu, wa zai gyara maka ita, kuma ina kayanta suke? Ka nemo bakanike kafin ka nemo mota, ka tafi da shi, a ɗaga ta ku leƙa tare, ku ga farfela da idonku, ku ga tsatsa, ku karanta shekarun tayoyi. Ta uku, za ka iya sayen tayoyi huɗu rana ɗaya ba tare da tukunyar gida ta huce ba? In amsar a'a ce, to, ka haƙura, daidai ruwa daidai tsaki.

Tawa dai tana nan. Na koyi halinta, ita ma ta saba da lungunmu. Duk wata nakan cire wani abu kaɗan in ajiye da sunan taya, kamar yadda ake tarin kuɗin haya, kuma duk safiyar Asabar nakan zagaya ta da geji a hannu, babban ɗana yana biye yana rubuta lamba. Ko zan sake sayen irinta? Muddin Hajiya tana ƙauye kuma burjin nan bai ga kwalta ba, ina jin zan sake, amma a wannan karon sai na durƙusa na leƙa ƙarƙashi kafin in taɓa aljihu. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya sa mu sauka lafiya.